Naman Barewa Daga Dajin Amurka: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Ɗora Tukunya

Idan watan Nuwamba ya kama a jihohin tsakiyar Amurka, irin su Ohio da Indiana da Michigan, ganyen itatuwa ya gama zuba, sanyi ya fara ratsa ƙashi, to kakar farautar barewa ta kankama. Tun kafin asuba za ki ga motocin a-kori-kura jere a bakin gonakin masarar da aka girbe, maza da mata sanye da riguna ruwan lemo masu ɗaukar ido suna kutsawa cikin daji. A jihar Ohio kaɗai ana kashe barewa kimanin dubu 200 a kaka guda, a faɗin ƙasar kuwa wajen miliyan shida.

Dokar Amurka ta hana sayar da naman da aka farauto a daji. Saboda haka hanya uku ce gare shi: ko ya shiga firizar mafarauci, ko ya tafi cibiyoyin da ke raba wa mabuƙata abinci, ko kuma a bayar da shi kyauta. Ta wannan hanya ta ƙarshe ce yake shigowa gidajen 'yan uwanmu mazauna ƙasar. Abokin aikin maigida ne zai miƙo masa ƙunshi biyar na niƙaƙƙen nama a farar takarda, ko maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa da cinya guda. Nama ne mai daɗi, marar kitse, ga shi kyauta a lokacin da farashin naman shanu ya yi tashin gwauron zabo. Wa zai ƙi?

Ni ma ba cewa zan yi ki ƙi ba. Amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina so ki san hanyar da naman nan ya biyo kafin ya iso hannunki, domin a cikin wannan hanyar akwai abin da ya shafi lafiyar yaranki kai-tsaye. Labarin kuwa daga bindiga yake farawa. Ke ma da kike gida Najeriya ko Nijar, kada ki ce ba ruwanki, akwai inda zancen zai biyo ta ƙofarki.

Wace irin bindiga ce wannan?

A 'yan shekarun nan wata irin bindiga ta samu karɓuwa sosai a wajen mafarautan wannan yanki. Doguwa ce, ana dafa ta a kafaɗa, amma harsashin ƙaramar bindigar hannu take ci, wato irin na fistol. Waɗanda aka fi amfani da su wajen harbin barewa su ne .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, da .44 Magnum, wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950. Lambobin nan suna nuni ne da kaurin harsashin a ma'aunin inci: na farkon kimanin milimita 9 ne, na biyun kuma kusan milimita 11.

Dabarar tsohuwa ce. A 1873 kamfanin Winchester ya fitar da wata doguwar bindiga mai cin harsashin da ake kira .44-40, bayan 'yan shekaru kuma kamfanin Colt ya ƙera bindigar hannu mai cin wannan harsashin dai. Makiyayin da ke kan doki a yammacin Amurka sai ya huta da ɗaukar harsashi iri biyu: na ɗamararsa shi ne na bindigar da ke rataye a sirdi. A 1961 kamfanin Ruger ya sake farfaɗo da tunanin, ya fitar da gajeriyar bindigar kafaɗa mai cin .44 Magnum musamman don masu harbin barewa a daji mai duhuwa.

Amfanin dogon bututu shi ne albarushi yana samun sararin ƙonewa sosai kafin harsashi ya fita. Harsashin .357 da zai fita daga bindigar hannu da gudun kimanin mita 380 a sakan guda, idan aka harba shi daga bututu mai tsawon inci 18 yakan kai wajen mita 530. Duk da haka bai kamo ƙafar harsashin manyan bindigogin farauta ba, irin su .30-06, wanda ke tafiyar kusan mita 880 a sakan. Riƙe wannan bambancin gudun a ranki, za mu dawo kansa.

Me ya dawo da ita yanzu?

A farkon ƙarni na 20 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, abin da ya rage bai fi rabin miliyan ba. Sai aka kafa dokokin farauta, aka kuma yi wata doka a 1937, mai suna Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai, kuɗin na tafiya wajen kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai miliyan 30. Kyarkeci da sauran namun dajin da ke rage yawanta an riga an kawar da su daga mafi yawan jihohi, sai ta bazu har cikin unguwanni. Tana cinye amfanin gona, tana kuma haddasa haɗarin mota fiye da miliyan ɗaya a kowace shekara, musamman a watan Nuwamba lokacin barbara. Don haka hukumomin jihohi da kansu suke neman mafarauta su rage ta.

Matsalar ita ce jihohin tsakiya shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ga gidaje da gonaki a warwatse ko'ina. Harsashin babbar bindiga idan ya kuskure dabba yana iya tafiyar fiye da kilomita uku kafin ya faɗi. Shi ya sa shekaru da dama waɗannan jihohi suka hana harbin barewa da manyan bindigogi, sai dai da irin bindigar harbin tsuntsaye da aka ɗura wa dunƙulen dalma guda. Ita kuwa wannan tana dukan kafaɗa kamar shurin jaki, mata da matasa da dattawa da yawa ba sa iya jure ta.

Sai aka samo tsaka-tsaki. Indiana ta halatta dogayen bindigogi masu cin harsashin fistol a 2007, Ohio da kudancin Michigan suka bi sahu a 2014, Iowa kuma a 2017. Sharaɗin a mafi yawansu a lokacin shi ne kwanson harsashin ya zama miƙaƙƙe, ba mai wuya irin na kwalba ba, domin miƙaƙƙen kwanso ba ya ɗaukar albarushi mai yawa, harsashinsa ba ya cin dogon zango. Ohio ta ce kaurinsa ya fara daga .357 zuwa sama, kuma kada bindiga ta ɗauki fiye da harsashi uku a lokaci guda. Kasuwar ta buɗe har kamfanin Winchester ya ƙirƙiro sabon harsashi a 2019, mai suna .350 Legend, don ya dace da waɗannan dokoki.

Iyakarta

Sauƙin riƙo da rashin dukan kafaɗa su ne suka sa iyaye da yawa ke fara koya wa 'ya'yansu farauta da irin wannan bindiga. Amma tana da iyaka, kuma mafarauci na ƙwarai ya san ta. Bayan kimanin mita 90 zuwa 100, harsashin yana rasa ƙarfi, yana kuma sunkuyawa ƙasa da sauri. Wanda ya yi gangancin harbi daga nesa yakan raunata dabbar ne kawai, ta gudu da harsashi a ciki ko a cinya, ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Ƙa'idar ita ce a jira ta juyo da gefenta, a auna bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke.

Wannan ya shafe ki ta fuskar nama. Dabbar da aka harba a ciki, tumbi da hanji sun fashe, ƙazanta ta malale a kan tsoka. Wadda kuma ta kwana a daji kafin a gano ta, naman ya fara lalacewa tun kafin a feɗe. Harsashin 9mm da aka saba gani a hannun 'yan sanda, wanda shi ma akwai dogayen bindigogin da ke cin sa, bai ma cika sharaɗin dokar Ohio ba, domin kaurinsa bai kai .357 ba, kuma ƙarfinsa ya yi kaɗan ga dabba mai nauyin kilo 60 ko fiye.

Abin da harsashi ke bari a cikin nama

Mafi yawan harsasan farauta cikinsu dalma ce, an lulluɓe ta da siririn jan ƙarfe. An ƙera su ne yadda za su buɗe kamar laima da zarar sun shiga jiki. A wajen buɗewar nan dalma takan farfashe, ta watsu cikin tsoka. Wasu ɓarɓashin sun fi ƙwayar gishiri ƙanƙanta. Ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jin su.

A 2008 wani likita kuma mafarauci a jihar Dakota ta Arewa, Dakta William Cornatzer, ya bayyana sakamakon wani gwaji da ya tayar da hankalin jama'a. Ya ɗauko ƙunshi 100 na niƙaƙƙen naman barewa daga cikin wanda aka bayar sadaka ga cibiyoyin abinci, ya saka su a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta asibiti. Kusan kashi 60 cikin 100 na ƙunshin an ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Jihar ta janye naman daga cibiyoyin, sannan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta auna jinin mutum fiye da 700 a jihar. Aka tarar masu cin naman farauta dalmar jininsu ta ɗara ta waɗanda ba sa ci. Daga nan ma'aikatar lafiyar jihar ta shawarci mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara shida su guji naman da aka harba da harsashin dalma.

A wannan shekarar dai hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta yi nata gwajin a kan gawarwakin tumaki. Ta gano ɓarɓashin dalma na iya kaiwa nisan inci 18, wato kimanin santimita 45, daga inda harsashi ya ratsa. Ta kuma gano cewa ɗauraye gawar da ruwa yana ƙara yaɗa ɓarɓashin zuwa wasu sassan. Harsasai masu tsananin gudu su ne suka fi farfashewa, masu tafiya a hankali kuwa ɓarnarsu ba ta kai haka ba.

Ga inda zancen gudun nan ya dawo. Harsashin fistol da aka harba daga doguwar bindiga yana cikin rukunin masu tafiya a hankali, don haka bai kai na manyan bindigogi watsuwa ba. Wannan alheri ne. Sai dai da yawansu bakinsu tsurar dalma ce mai taushi, ko kuma mai rami a tsakiya don ya buɗe da wuri, kuma idan ya daki ƙashin kafaɗa dole ya bar wani abu a baya. Raguwar guba daban, rashinta daban. Abin da ke kawar da matsalar gaba ɗaya shi ne harsashin da aka yi da zallar jan ƙarfe, kuma ana samunsa a duka .357 da .44. Jihar Kalifoniya ma tun ranar 1 ga Yuli, 2019 ta haramta farauta da harsashin dalma kwata-kwata.

Dalma da ƙwaƙwalwar yaro

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a tsakar gida, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Abin da ke cikin naman farauta bai kai ko kusa da wancan yawan ba, ba kuma zai sa yaro suma ko farfaɗiya ba. Amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa.

Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Jiki yana ɗaukarta tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori na tsawon shekaru. Idan mace ta samu ciki, abin da ke kwance a ƙashinta yana iya sake fitowa cikin jini, ya ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. A ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ko kaɗan ce tana rage kaifin fahimta, ta kawo rashin natsuwa da wahalar karatu. Abin baƙin cikin shi ne ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba wata alamar da uwa za ta gani. Sai yaro ya shiga makaranta a fara cewa ba ya ja. Yaron da ke da ƙarancin jini kuwa ya fi kowa tsotse ta. A 2021 CDC ta sauko da ma'aunin da ake fara bibiyar yaro a kai daga 5 zuwa 3.5, a ma'aunin da ake auna dalmar jini da shi.

Wuta ba ta kashe dalma, domin ƙarfe ce. Jiƙa nama a ruwan tsami irin binega kafin dahuwa ma yana narkar da ita ne, jiki ya fi saurin shanye ta. Wannan darasi ya shafi naman dajin da ake saya a kasuwanninmu na gida, domin zomo ko gada ko zabon dajin da aka harba da bindigar toka, sau da yawa da 'yan ƙwayoyin dalma aka ɗura ta.

Tambayoyi kafin ki karɓa

Ba rashin kunya ba ne ki tambayi mai kyauta. Mafarautan Amurka ma suna jin daɗin a tambaye su labarin harbinsu, sai dai ki gaji da saurare. Ki fara da wane irin harsashi aka yi amfani da shi, na dalma ko na jan ƙarfe? Idan da kwari da baka aka harbe ta, wanda mutane da yawa ke yi, to batun dalma bai taso ba. Sannan a ina harsashin ya same ta, kuma bayan awa nawa aka feɗe ta?

Idan an ba ki zaɓi, ki ɗauki tsoka guda, kamar cinyar baya ko naman gadon baya da ke nesa da raunin, ki bar niƙaƙƙe. Niƙaƙƙen nama shi ne ya fi yawan ɓarɓashi, domin ragowar yankan da ke kusa da rauni ake tarawa a zuba a inji, kuma wasu mahautan suna haɗa naman barewa da yawa su niƙa tare. Duk inda kika ga tsoka ta yi baƙi, ko jini ya daskare, ko gashi da ɓarɓashin ƙashi sun shiga, ki yanke da faɗi ki zubar. Idan kuwa ba a san irin harsashin ba, manya su ci, amma a ware mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. In yaranki sun daɗe suna cin irin wannan nama, ki roƙi likitansu ya auna musu dalmar jini. Gwaji ne mai sauƙi, ɗan jini kaɗan ake ɗiba.

Batun halaccin naman kuwa, wato wanda ya yi harbin da yadda dabbar ta mutu da ko an same ta da rai an yanka, ki tattara amsoshin ki kai wa malamin da kika amince da shi. Wannan fagensu ne.

Cutar da tafasa ba ta kashewa

Akwai wata cuta da ke addabar barewa wadda aka fara ganowa a jihar Colorado a 1967, yanzu kuma ta bazu zuwa jihohi fiye da 30. A Ohio an same ta a jikin barewar daji a 2020. Tana cin ƙwaƙwalwar dabba, ta rame, ta riƙa dalalar da miyau tana tangaɗi, ta daina tsoron mutane. Ba ƙwayar cuta ce irin wadda muka saba ba, wani gurɓataccen furotin ne, danginsu ɗaya da cutar haukan shanu da ta tsallaka zuwa ga mutane a Birtaniya a shekarun 1990. Zuwa yanzu ba a tabbatar da ta kama ɗan Adam ba, amma CDC ta ce kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Dabbar na iya yin fiye da shekara da cutar tana kiwo lafiya lau a ido, kuma dahuwa ba ta lalata wannan furotin. Ki tambaya ko daga yankin da cutar take aka harbo ta, ko kuma an kai kanta gwaji. Mu masu son farfesun kai da ƙashi, a nan sai haƙuri: ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya da idanu da saifa na barewa ba na tukunya ba ne.

Sauran ƙwayoyin cuta kuwa wuta na maganinsu. Ki dafa naman har cikinsa ya kai zafin digiri 71 a ma'aunin Selshiyos, musamman saboda wata ƙwayar da ke zama a ɗanyen nama wadda ke iya nakasa ɗan tayi. Irin dahuwarmu ta miya da farfesu ta wadatar. Kilishi ne da tsire mai jini-jini suke buƙatar hattara.

In maigida ya ce shi ma zai shiga daji

Wasu daga cikin mazanmu da samarinmu sun fara sha'awar bin abokansu. Kai maigida, ka sani sai da lasisi, kuma yawancin jihohi sai ka yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta. Dokokin suna sauyawa daga jiha zuwa jiha, daga shekara zuwa shekara, don haka ka karanta littafin dokar bana na jiharka. Rigar ruwan lemo wajibi ce a kakar bindiga. Kada ka taɓa harbi sai ka tabbatar da abin da ke gabanka da abin da ke bayansa, domin harsashin fistol ɗin ma yana iya wuce kilomita guda.

Abin da ke kai mafarauta ɗakin gaggawa da mummunan rauni ya fi yawa daga faɗowa ne, fiye da harbi. Suna hawa wani ɗan dandamali da ake ɗaurawa a jikin bishiya, mita biyar ko shida daga ƙasa, su zauna cikin sanyi da gyangyaɗi. Faɗowa daga nan karayar ƙashin baya ce, wani lokaci shanyewar ƙafafu har abada. Akwai ɗamarar da ake ɗaure jiki da bishiya da ita, a sa ta tun daga ƙasa. A toshe kunne kuma, musamman na yara, domin ƙarar harbi guda tana iya rage ji, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan an dawo gida a duba jiki kaf saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi.

Sai babbar magana, wato ajiyar bindiga a gidan da ke da yara. A 2020 harbin bindiga ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ya zarce haɗarin mota. Bindigar da ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, ita ce kuma wadda ɗan shekara takwas zai iya ɗauka. A cire harsashi, a kulle ta a akwatin ƙarfe, a kulle harsasan a wani wurin daban, makulli kuma ya zauna a jikin babba. Saman kwaba ko ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ce, kin fi kowa sanin babu lungun da yaranki ba su sani ba.

Kyautar nama alama ce ta zumunci, kuma a baƙuwar ƙasa maƙwabcin da ya tuna da ke abin riƙewa ne. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki yi tambayoyinki cikin raha. Idan kin ga fuska, ki roƙe shi baɗi ya gwada harsashin jan ƙarfe, domin shi ma 'ya'yansa da jikokinsa daga wannan firizar suke ci. Waɗanda kuka taɓa dafa naman barewa a can, ko naman daji a nan gida, muna jiran jin yadda kuke sarrafa shi.